Ta Tafi Ƙofar Wambai, Yanzu Za Ta Dawo

Tun ranar da autata ta zo mini da maganar nan na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in ji kamar ana kirana a tsakar gida, in na fito sai in rasa abin da ya fito da ni. Na share inda na riga na share, na kwance ƙullin daddawa na sake ƙullewa. Har matar ɗan wana, da muke gida ɗaya, ta ce, "Hajiya, ko dai shayin nan ne ya yi miki yawa?" Na ce da ita ba shayi ba ne, ta ƙyale ni kawai.

Maganar kuwa ba wata doguwa ba ce. Auta ma'aikaciyar jinya ce, tana aure can bayan gari, inda gidaje suke da get da doguwar katanga, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Ɗanta ɗaya, Abba, angona, wanda bai daɗe da fara haɗa magana ba. Tun da ta gama hutun haihuwa ta koma aiki, wata yarinya ce mai suna Rabi take riƙe da shi. Ita ce wankansa, ita ce kununsa, ita ce goyonsa. To, an yi suna a dangin mijin Auta, mata sun cika gida, yaron nan ya yi tuntuɓe ya faɗi. Uwarsa ta buɗe hannu, shi kuwa ya wuce ta da gudu ya faɗa jikin Rabi. Wata mai dogon baki a cikin matan ta ce, "Au, ashe ga uwarsa can." Aka yi dariya aka watse, amma Auta ba ta watse da maganar ba. Ƙawayenta na wurin aiki suka ƙara zuga ta, wai ai masu raino canza su ake yi kafin yaro ya shaƙu da su. Sai ga ta a gabana, ko hijabi ba ta cire ba.

"Umma, ran Asabar zan kawo shi nan," in ji ta. "Ke ki ɗauke masa hankali, ita kuma ta sulale ta tafi. In ya tambaya ki ce ta je shago sayo masa biskit, yanzu za ta dawo. Yaro ne, kwana biyu ya manta."

Na ce, "Wa ya gaya miki yaro yana mantawa?"

Ta yi dariya, ta ɗauka irin rikicina ne na tsufa. Wayarta ta yi ƙara, ta ce ana jiranta, ta fice. Ta bar ni da kalmomin nan, yanzu za ta dawo, suna ta kai-kawo a kaina.

A unguwar Madabo aka haife ni, a wani gida mai soro biyu da rijiya a tsakiya. Gidan nan ba ya shiru. Kafin gari ya gama wayewa ka ji guga yana bugun bakin rijiya, sai ƙarar taɓarya daga gidan nan ta amsa ta wancan, sai muryar 'yan talla a lungu, can nesa kuma masu bugun shuni suna ta dukan tufa a kan itace har azahar. Mata sun yi yawa a gidan, yara sun fi su. Amma ni 'yar fari ce, kuma 'yan yanzu ba su san abin da wannan yake nufi ba a wancan lokacin. Mahaifiyata ba ta faɗar sunana. In dole ta kama sai ta ce "ke", ko ta ce "waccan yarinyar". Ba ta ɗaukata a gaban mutane, ba ta yi mini wasa, in na faɗi a gabanta sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga ni. An ce ko nono za ta ba ni sai ta juya wa ƙofa baya. Kunya ce, haka ta tarar ana yi, kuma da ta saɓa da an yi ta yi da ita a unguwa har ta tsufa. Mahaifina ma haka, ga shi kullum yana kasuwa. Saboda haka kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Iya, ta nemo wadda za ta raine ni.

Bafulatana ce, doguwa, siririya, daga wani ƙauye da ban taɓa sanin sunansa ba. Mijinta ya rasu, jaririnta ya bi shi, ta rasa abin da za ta yi da bayanta. Manya suna kiranta da sunanta, ni kuwa Dada nake ce mata, wato uwa a yarensu, don ita ta koya mini haka. Ba danginmu ba ce, kuma ban taɓa jin wani ya kira ta 'yar aiki ba. A ƙwarya ɗaya take cin tuwo da matan gidan, in salla ta zo a yanka mata zane tare da nasu. In ka tambaye ni fuskarta yanzu sai in yi ta lalube, amma bayanta na san shi sarai. Na san ƙashin kafaɗarta inda nake ɗora kumatuna, na san ƙamshin man shanu da hayaƙin itace a wuyanta, na san yadda muryarta take ratsa baya ta shigo kunnena in tana magana da wasu. Da ni a goye take jan ruwa, da ni take tankaɗe, da ni take zuwa kai niƙa. In majanyi ya sassauta sai ta ɗan sunkuya, ta yi mini wata 'yar girgiza sama, ta ɗaure, ba tare da ta katse hirarta ba. Ita ta buge mini hannun hagu da na kai shi cikin akushi. Ita ta danna mini kafaɗa na durƙusa na gai da Iya. Bisimillar farko da ta fito daga bakina, daga bakinta na ɗauko ta. Da ƙyanda ta kama ni, an ce ta daina cin abinci sai da na buɗe ido.

Yanzu fa? Wata dillaliya ce za ta sauke maka yarinya a bakin get da 'yar jakarta, wata ma ita kanta raino take buƙata. A ware mata kwanonta, a nuna mata inda za ta kwana a kicin ko a bayan kujera, a kafa na'ura a falo uwar gida tana kallonta ta waya daga ofis. A miƙa mata abin da ya fi komai daraja a gidan, amma ba a yarda ta taɓa rimot ba. Kafin yaro ya iya faɗar sunanta an kawo wata. Ni ba na ganin laifin iyayen gaba ɗaya, don aiki ya zama dole, kuma gidajen nan na bayan gari ba kaka, ba gwaggo, ba matar wa, daga ke sai bango. Labarai marasa daɗi kuma ana ji, ban musa ba. Abin da yake ba ni haushi shi ne a ɗauka raino aiki ne irin wanke-wanke, wanda duk hannun da ya yi shi ɗaya ne. Kwano bai san wanda ya wanke shi ba, yaro kuwa ya san wanda ya goya shi. Mu dai a da mun san wannan, sai dai mun yi namu kuskuren, kuma a kaina aka yi shi.

Na ɗan yi wayo, ina gab da shiga makarantar allo, sai wan Dada ya zo daga ƙauye. Mahaifiyarsu ta kwanta, ba mai juya ta, dole Dada ta koma. Duk gidan an sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Iya tana da wata magana da take yawan faɗa, wai ba a yi wa yaro sallama, in ya ga tafiya da idonsa zuciyarsa bin mai tafiyar take yi, sai ya yi ta rama. Ba muguntar komai a ciki, haka ta gaskata, kuma ba mai ja da Iya a gidan nan. Da safiyar ranar Dada ta zaunar da ni a tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai ta yi mini sabon kitso, alhali na kaina bai tsufa ba. Ta ja shi da ƙarfi har na yi ƙara, ba ta ce mini sannu ba. Ta sa mini kwalli, ta dama fura ta ba ni da ludayi kamar jaririya. Sai Iya ta ce in je gidan maƙwabta in aro rariya. Ga rariya rataye a ƙofar ɗakinta ina gani, amma yaro ba ya tambaya. Matar maƙwabtan ta riƙe ni da hira da gyaɗa, ashe an riga an gaya mata.

Da na dawo na tarar an naɗe tabarmar Dada, ƙwaryarta ba ta kan maratayi. Na ce, "Iya, ina Dada?"

Iya ta ce, "Ta tafi kasuwar Ƙofar Wambai sayo miki kwano mai fure. Yanzu za ta dawo."

Sai na je soro na hau dakali na zauna. Me ya kai "yanzu" kusa? Duk macen da ta yi sallama sai in diro, in ga ba ita ba ce, in koma. Rana ta yi tsaka, ta karkata, aka kira magariba, aka ɗauke ni ina turjewa. Washegari na koma. In na tambaya sai a ce kasuwa ce ta cika, ko a ce mai kwanukan ne bai fito ba. Matan gidan har sun mai da abin wasa, wannan ta faɗi tata ƙaryar, waccan ta ƙara mata gishiri, suna ƙyafta wa juna ido a saman kaina. Na hana kowa taɓa kitson nan har ya cukurkuɗe. Tuwo in an ba ni sai in raba biyu in ajiye mata nata. Ramar da Iya take gudu, ita ce ta kama ni, har wuyana ya fito. Kuma ban yi kuka ba, abin da ya sa suka ɗauka dabararsu ta ci ke nan. Me zai sa in yi kuka, mutum ya je kasuwa ne kawai?

Ran nan na ce a raina, Dada baƙuwa ce a birni, ta ɓata ne, ba wanda ya damu ya je ya nemo ta. Na sauka daga dakali na bi bayan wasu mata da na ji sun ce Wambai za su. Lungu ya ba ni lungu, ƙafata ba takalmi, har na faɗa cikin wata hayaniya da ban taɓa jin irinta ba. Ni dai ƙafafu nake gani da gefen zannuwa. Na hango baƙin zane irin nata, na ruga na cafke, matar ta juyo, mai tallan nono ce da ban sani ba. Na cafki wata, ta fizge zanenta ta ce, "Ke 'yar wace ce?" Na ce 'yar Dada ce. Ba wanda ya san Dada. Na tarar da rumfar mai kwanuka, ga masu fure nan jere har sama, na ce da shi, "Baba, Dada ta zo nan?" Ya ce wace Dada? A nan ne na gane da wani abu a ƙasa, don ga kwanukan nan birjik, ba cikar kasuwar da ta hana kowa saye. Allah ya kawo wani mai jaki ɗan unguwarmu, ya gane ni, ya ɗora ni a kan buhunan gawayi ya kai ni gida rana tana shirin faɗuwa.

Gidan ya hargitse, an aika yara ko'ina, har an leƙa rijiya. Iya ta zabga mini mari, sannan ta rungume ni tana salati. Matan gidan wannan ta ja ni, waccan ta duba ƙafata. Ni kuwa ta tsakanin hannuwansu mahaifiyata nake nema. Tana bakin murhu, ta ba mu baya, tana tuƙa tuwo. Ba ta juyo ba. Na daɗe a duniya ina riƙe da wannan bayan nata a zuciyata. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, tuwon ranar ƙonewa ya yi ƙurmus, ita da ba a taɓa jin ƙauri a girkinta ba. Kuma duk da abin da ya faru, da na sake tambaya, Iya cewa ta yi, "Kin gani ko, kun yi saɓani a hanya."

Ba ranar da aka zaunar da ni aka ce ta tafi ke nan. Haka na girma, jiran yana raguwa amma bai ƙare ba. Har na yi aure, in maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ce mini "yanzu zan dawo", sai gabana ya faɗi, in ce masa don Allah ya faɗi inda za shi da lokacin da zai dawo. Yakan ce wace irin mace ce wannan mai bin diddigi. Sai da mahaifiyata ta tsufa tukuf, kunyar ta ɗan saki, ina matsa mata ƙafa wata rana da hantsi, ta ce, "Ke, matar nan fa ta dawo." Na ce wace mata? Ta ce, "Mai goyonki. Bayan uwarta ta rasu ta zo da ƙwaryar nono, kina makarantar allo. Iya ta tare ta a soro, ta ce kada ta tayar miki da abin da ya kwanta. Ta roƙa a bar ta ko daga nesa ta hango ki, aka ce a'a. Ina ɗaki ina jin muryarta. Ba ni da bakin magana a kanki." Sannan ta ce, "Ranar tafiyarta ma ta so ta yi miki sallama." Na ci gaba da matsa ƙafar, don ban san me zan yi da hannuwana ba. Na bincika daga baya, ba wanda ya rage da ya san ƙauyen.

Wannan ne abin da ya hana ni zama har Asabar ta zo. A Daidaita Sahu ta sauke su a bakin lungu, don mota ba ta shigowa Yakasai ta wajenmu. Auta ce a gaba, Rabi a baya da yaron a goye, ta ɓoye jakarta a soro. Idanunta sun yi ja, ta gaishe ni ba ta ɗago ba. Na ce, "Angon nawa, yau ma hannu biyu ka zo? Ina cefanen?" Ya yi dariya ya hau cinyata yana laluben carbina. Auta ta yi wa Rabi alama da ido. Yarinyar nan ta miƙe a hankali, ta kama hanyar soro tana taka ƙasa kamar mai tsoron ta da barci.

Na ce, "Rabi, dawo ki zauna."

Auta ta ce, "Umma, ba haka muka yi da ke ba."

Na ce, "Ba mu yi komai da ke ba, ke kika yi maganarki kika fice. Sallamarta, ke da mijinki kuka yanke, gidanku ne, ban sa baki ba. Ko da yake in kin tambaye ni, yaron da ya san inda zai ruga in ya faɗi, ke aka yi wa aiki, godiya ya kamata ki yi. Amma bakina ba zai faɗi ƙaryar nan ba, kuma ba za a faɗe ta a gidan nan ba. In tafiya za ta yi, ta gaya masa."

"Kuka zai yi, Umma. Ba ki san kukansa ba."

"Ya yi. Ni da ban yi ba, ga ni nan har yau ban gama ba."

Ta tsaya tana kallona, don ba ta taɓa jin labarin ba. Na ba ta shi a taƙaice. Da na kai wajen ƙwaryar nono Auta ta sunkuyar da kai. Ba ta ce ta fasa sallamar ba, 'yata ce, na san taurin kanta, a wurina ta gado shi. Cewa kawai ta yi, "Rabi, yi masa magana."

Rabi ta durƙusa a gabansa ta kama hannuwansa biyu. Ta ce, "Abba, zan tafi garinmu wajen innata. Ba aike ba ne. Ba yanzu zan dawo ba." Ya dube ta, ya dubi jakar da aka shigo da ita daga soro, sai ya gane. Ihun da yaron nan ya yi sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ya ƙanƙame wuyanta, ita ma tana kuka, da hannunta ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta miƙa shi ga uwarsa. Ya yi ta shure-shure yana dukan ƙirjin Auta, ita kuwa ba ta sake shi ba. Ta bi Rabi har soro da shi a hannu, ya ga fitarta da idonsa, ya ga ta sha kwanar lungu. Sannan Auta ta dawo ta ce in ara mata zane, ta goya shi, ta yi ta zagaya tsakar gida tana jijjiga shi tana kiran sunansa, ita ma hawaye yana zuba. Ɗanta na fari ne fa, a gaban uwarta, a gaban matan gida, ko a jikinta. Wallahi sai na ji ƙyashi. Na ce a raina, a wannan kam zamaninku ya fi namu. Bai yi shiru ba sai bayan la'asar, ya yi barci yana ajiyar zuciya a bayanta.

Da suka sake zuwa ina soro ina tsince shinkafa, don a nan haske ya fi. Ya shigo da gudu ya tsaya a gabana, ya ce, "Kaka, Rabi ta tafi garinsu." Yadda ake ba da labari ya faɗa mini. Na ce haka ne, angona. Ya ce, "Na yi kuka." Na ce na ji ka, duk unguwa ma ta ji. Auta ta ce ran Juma'a ya yi magana da ita a waya, ya gaya mata an sayo masa takalmi. Daga nan ya wuce ciki yana korar kajina, ko waiwayar ƙofa bai yi ba.

Ni ce dai jiya na je Ƙofar Wambai sayen bokiti. Na gama ciniki, na juyo, sai na hango wata doguwar mata da baƙin zane ta ba ni baya a cikin taro. Na san lissafi sarai, na san wadda nake nema ta daɗe a ƙasa. Amma sai da na ratsa mutane da sandata, na zagaya ta gabanta, na duba fuskarta.